Taƙaitaccen Tarihin Hujjatul Islam Imamu Gazali: Malamin da Harshensa Ya Ɗaure, Allah Ya Kwance Masa Alƙalami

Gabatarwa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai buɗe abin da ya kulle, Mai sauƙaƙa abin da ya tsananta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a cikin 'yan'uwa mahalarta wannan taro mai albarka akwai malamai masu karantarwa da masu wa'azi, akwai sha'irai masu begen Manzon Allah (S.A.W.), akwai masu wallafa littattafai, akwai kuma ɗalibai masu burin zama haka nan gaba. Da wuya a sami ɗaya daga cikinsu da bai taɓa gamuwa da wata irin rana ba, wadda zai zauna ga takarda ga alƙalami, ga ilimin a ƙirji, amma kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Wani kwanaki yake yi a cikin wannan hali, wani shekaru, wani kuma daga nan ya ajiye alƙalami ke nan har ya koma ga Allah, abin da ya sani ya bi shi kabari.

Irin wannan ɗaurewa ta taɓa samun ɗaya daga cikin manyan malaman wannan al'umma, wato Imamu Gazali, Allah Ya ƙara masa yarda, a daidai lokacin da sunansa ya cika duniya. Tarihinsa yana nuna inda ciwon yake ɓuya, da yadda ake maganinsa, da yadda bawa zai dawwama a kan aikin ilimi har ƙarshen rayuwarsa.

Sunansa da tasowarsa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Hamid, laƙabinsa Hujjatul Islam. An haife shi a shekara ta 450 bayan Hijira, daidai da 1058 Miladiyya, a Ɗus ta yankin Khurasan, kusa da birnin Mashhad na ƙasar Iran a yau.

Masu tarihi sun kawo cewa mahaifinsa talaka ne mai kaɗin zaren ulu yana sayarwa, mutumin kirki mai son zama kusa da malamai da yi musu hidima. Da ajali ya gabato masa, sai ya danƙa 'ya'yansa biyu, Muhammadu da ƙanensa Ahmad, a hannun wani amininsa sufi, tare da ɗan abin da ya mallaka, ya roƙe shi ya koya musu karatu da rubutu. Sufin nan ya riƙe amana har 'yar dukiyar ta ƙare. Da yake shi ma ba mai hali ba ne, sai ya shawarce su da su shiga makarantar da ake ciyar da ɗalibai, su sami abinci su kuma sami ilimi. Ta wannan ƙofa ta talauci da maraici Allah Ya shigar da su biyun, ɗaya ya zama Hujjatul Islam, ɗayan kuma, Shehu Ahmad, ya zama shahararren mai wa'azi kuma babban sufi.

Neman iliminsa da labarin gafaka

Ya fara karatun fiƙihu a garinsu wurin Shehu Ahmad Razakani, sa'an nan ya tafi Jurjan ya ƙaro karatu, yana rubuta duk abin da ya ji daga bakin malaminsa yana tarawa a gafaka. Imamu Subki ya kawo a cikin littafinsa na tarihin malaman Shafi'iyya cewa a kan hanyarsa ta komawa gida 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe komai har da gafakar. Yaron ya bi su yana roƙon shugabansu ya mayar masa da takardunsa kaɗai, domin saboda su ya bar gida, su kuwa ba za su amfane su da komai ba. Ɗan fashin ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilimin da za a iya raba mutum da shi ta hanyar ƙwace jaka bai zama nasa ba tukuna. Sa'an nan ya sa aka miƙa masa gafakarsa.

Gazali ya ɗauki wannan magana a matsayin gargaɗi daga Allah, ko da yake daga bakin ɓarawo ta fito. Da ya isa Ɗus sai ya shafe shekara uku yana haddace abin da ke cikin takardun. Amfanin wannan aiki ya bayyana bayan shekaru masu yawa, lokacin da ya bar gida da makaranta ya shiga yawon halwa, amma taskarsa tana tare da shi a ƙirji.

Daga nan ya nufi Naisabur, ya lazimci babban malamin zamanin, Imamul Haramaini Juwaini. A wurinsa ya ƙware a fiƙihun Shafi'iyya da usulu da ilimin tauhidi da munazara, har ya fara koyar da 'yan'uwansa ɗalibai, ya kuma rubuta Almankhul a kan usulul fiƙhi. Tun a waɗannan shekaru ya sami kusanci da Shehu Abu Ali Farmazi, ɗaya daga cikin manyan sufayen Khurasan, wanda ya rasu a 477 (1084).

Ɗaukaka a Bagadaza

Da Imamul Haramaini ya rasu a 478 (1085), sai Gazali ya tafi majalisar Nizamul Mulki, wazirin daular Saljuƙawa, wadda ta kasance matattarar malamai. A nan ya yi muƙabala da manya ya rinjaye su, waziri ya ga abin da ya gani, ya naɗa shi babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 484 (1091), yana da shekara 34 kacal. A wancan zamani babu kujerar ilimi da ta fi wannan daraja. Ɗalibai kimanin 300 suke zama a gabansa, sarakuna da fadawa suna neman fatawarsa, halifa da kansa yana girmama shi.

Alƙalaminsa ma bai huta ba. Duk da nauyin karantarwa, ya yi amfani da ɗan lokacin da yake samu ya karance littattafan falsafa shi kaɗai ba tare da malami ba, a cikin ƙasa da shekara biyu, ya ƙara kimanin shekara guda yana jujjuya su a zuciya. Ya rubuta Maƙasidul Falasifa inda ya bayyana ra'ayoyinsu, ya kuma rubuta Tahafutul Falasifa inda ya yi musu raddi a kan mas'aloli 20, ya kammala shi a watan Muharram na 488 (1095). Ya rubuta Mi'iyarul Ilmi a kan mandiƙi, ya rubuta raddi ga Baɗiniyya bisa umarnin Halifa Mustazhir.

Sai dai zamanin ya cika da girgiza. A watan Ramadan na 485 (1092) aka kashe Nizamul Mulki, bayan kimanin wata guda Sarki Malikshah ya rasu, 'ya'yansa suka shiga yaƙin gado, sa'an nan Halifa Muƙtadi ya rasu a 487 (1094). A cikin shekaru uku Gazali ya ga yadda waɗanda duniya take hannunsu suka bar ta ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaurewar harshe

A wannan tsakani ne ya duƙufa ga karanta littattafan sufaye, kamar Ƙutul Ƙulubi na Abu Ɗalib Makki, da littattafan Harisul Muhasibi, da abin da aka ruwaito daga Junaidu da Shibli da Abu Yazid Bisɗami. Ya fahimci duk abin da za a iya fahimta ta hanyar karatu, ya kuma gane cewa abin da ya rage ba a samunsa sai da ɗanɗano da sauya hali, kamar yadda sanin ma'anar ƙoshi bai ƙosar da mai yunwa.

Sai ya juya ya binciki kansa, kamar yadda ya ba da labari a cikin Almunƙizu minad Dalal. Ya duba ayyukansa, ya ga mafi kyawunsu shi ne karantarwa, amma yawancin abin da yake karantarwa ba shi da amfani a hanyar lahira. Ya duba niyyarsa, ya tarar ba domin Allah tsantsa ba ce, son girma da yaɗuwar suna ne suke motsa ta. Wannan binciken ya tsorata shi ƙwarai. Ya riƙa ƙulla niyyar barin Bagadaza da safe, kafin yamma son duniya ya warware ta. Haka ya zauna cikin wannan ja-in-ja kusan wata shida, farawa daga Rajab na 488.

Daga nan al'amarin ya fita daga hannunsa. Allah Ya ɗaure masa harshe, ya kasa karantarwa. Wata rana ya tilasta wa kansa ya zauna domin ya daɗaɗa wa ɗalibansa, amma kalma ɗaya ta ƙi fita daga bakin da ya saba rufe bakin malamai a fagen munazara. Baƙin cikin haka ya taɓa jikinsa, abinci ya daina narkewa, ko ruwa ba ya haɗiyuwa da daɗi, ƙarfinsa ya tafi. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu suka gaza, suka yanke cewa ciwon daga zuciya ya taso, kuma babu magani sai an raba zuciyar da damuwar da ta danne ta.

A nan akwai abin lura ga duk mai aiki da magana ko rubutu, domin Larabawa suna ƙirga alƙalami a matsayin ɗayan harsuna biyu, kuma rijiya ɗaya suke ɗiba. Mutumin nan iliminsa bai ragu ba, haddarsa tana nan, littattafansa suna kusa da shi, masu saurare suna jira. Watanni kaɗan kafin nan ya kammala ɗaya daga cikin mafi zurfin littattafansa. Abin da ya tsaya shi ne zuciya, wadda ta daina yarda da dalilin da ya sa ake maganar. Da zuciya ta janye, harshe ya bi ta.

Fita daga Bagadaza

Da dabara ta ƙare masa, sai ya koma ga Allah komawar wanda ba shi da sauran mafita, Allah kuwa Ya sauƙaƙa masa rabuwa da girma da dukiya da abokai. Ya bayyana wa mutane cewa Makka za shi, alhali ƙasar Sham yake nufi a zuciyarsa, don kada halifa da abokansa su hana shi. Malamai suka yi ta zarginsa, domin ba su ga yadda mutum zai bar mafi girman matsayin addini saboda addini ba. Waɗanda suke nesa suka zaci tsoron masu mulki ne ya kore shi, na kusa kuwa, da suka ga yadda masu mulkin suke riƙe shi, suka ce baki ne ya kama Musulunci da malamansa.

Ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai ishi iyalinsa, ya fita a watan Zulƙida na 488, daidai da Nuwamba 1095, ƙanensa Shehu Ahmad ya riƙe masa karantarwa a Nizamiyya. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

A Dimashƙa ba shi da wani aiki sai halwa da zikiri da yaƙi da son rai. Yakan hau hasumiyar babban masallacin Banu Umayya ya kulle ƙofa ya wuni shi kaɗai. Daga nan ya wuce Baitul Muƙaddas, inda yakan shiga Ƙubbatus Sakhra ya rufe kansa. Ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim (A.S.) a garin Khalil, a nan ya ɗauki alkawari uku: ba zai ƙara zuwa fadar wani sarki ba, ba zai karɓi dukiyar sarki ba, ba zai ƙara shiga munazara ba. Duk wanda ya duba zai ga cewa waɗannan ukun su ne ƙofofin da son girma yake shigo masa ta cikinsu, sai ya bi su ɗaya-ɗaya ya toshe. Sa'an nan ya yi aikin Hajji a 489 (1096), ya ziyarci Manzon Allah (S.A.W.) a Madina.

Kwancewar alƙalami

A cikin wannan tafiya ce buɗi ya zo. A Baitul Muƙaddas ya rubuta wa mutanen garin wata 'yar risala a kan aƙida, wadda aka sani da Arrisalatul Ƙudsiyya. A wannan zamani kuma ya kama aikin babban littafinsa, Ihya'u Ulumid Din, har mutane suka fara sauraronsa daga bakinsa. Da ya biyo ta Bagadaza a 490 (1097) bai koma kujerarsa ba, ya sauka a wani ribaɗi na sufaye da ke kusa da Nizamiyya. A nan wani saurayi daga Andalus ya same shi ya yi karatu a wurinsa, wanda daga baya ya zama Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya mai littafin Ahkamul Ƙur'an. Daga Bagadaza ya koma mahaifarsa Ɗus, ya ci gaba da keɓewa da rubutu.

Tsarin Ihya kaɗai darasi ne ga mai talifi. Ya raba shi kashi huɗu: ibadu, al'adun zaman duniya, halaye masu halakarwa, da halaye masu tserarwa. Kowane kashi ya ƙunshi littafi 10, jimla 40, ya buɗe da littafin ilimi ya rufe da littafin tuna mutuwa da abin da ke bayanta. Ya bayyana wannan tsari tun a gabatarwa, ya jera sunayen littattafan arba'in, kamar maginin da ya ja layin gida ya san inda kowane ɗaki zai zauna kafin a kwaɓa ƙasa. Wanda ya yi haka ba zai wayi gari yana tambayar kansa me zai rubuta ba, domin aikin gobe yana nan yana jiransa.

Har ila yau, ciwon da ya kwantar da shi ya zama abin rubutunsa. A cikin kashi na uku akwai littafi a kan abubuwan mamaki na zuciya, da littafi a kan illolin harshe, da littafi a kan zargin son girma da riya. A kashi na huɗu akwai littafin niyya da ikhlasi da gaskiya. A littafin ilimi ya yi dogon bayani a kan ɓarnar munazara da alamomin malaman duniya da na lahira. Mai karanta waɗannan babuka yana jin cewa marubucinsu ya sha ɗacin abin da yake bayani, shi ya sa maganarsa take ratsa zukata har yau.

Komawa karantarwa

Bayan shekara 11 da barin Bagadaza, waziri Fakhrul Mulki ɗan Nizamul Mulki ya matsa masa ya koma karantarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba, ya shawarci wasu daga cikin ma'abota zukata, suka haɗu a kan ya fita daga halwa, musamman da yake ƙarni na biyar yana ƙarewa, imanin mutane kuma ya yi rauni. Ya isa Naisabur a Zulƙida na 499 (1106). Ya bayyana cewa wannan fita ba komawa ce ga halin da ba, domin a can baya yana yaɗa ilimin da ake neman girma da shi, yanzu kuwa yana kira ga ilimin da ake barin girma da shi. Halwa a wurinsa jinya ce, idan an warke sai a koma wa mutane.

Bayan 'yan shekaru ya koma Ɗus. Kusa da gidansa akwai makarantar ɗalibai da zawiyar sufaye. Abdulgafir Farisi, wanda ya san shi tun kafin sauyawarsa ya kuma ziyarce shi bayanta, ya shaida cewa ya rarraba lokutansa tsakanin saukar Alƙur'ani, da zama da ma'abota zukata, da karantarwa, da salla da azumi, yadda babu wani lokaci nasa ko na waɗanda suke tare da shi da yake wucewa a banza. A ƙarshen rayuwarsa kuma ya duƙufa ga hadisi, yana bitar Bukhari da Muslim kamar sabon ɗalibi. Da aka sake kiransa zuwa kujerarsa ta Bagadaza a 504 (1110), sai ya ba da uzuri da ɗaliban da ke gabansa da kuma alkawarin da ya ɗauka a Khalil.

Yawan talifinsa da sirrinsa

An jingina masa littattafai fiye da 400, masu bincike kuma sun tabbatar da kimanin 70 a matsayin nasa ba shakka. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi yaɗuwa bayan ɗaurewar harshen aka rubuta su: Ihya, da Bidayatul Hidaya, da Almaƙsadul Asna a kan sunayen Allah kyawawa, da Jawahirul Ƙur'an, da Mishkatul Anwar, da Almunƙiz, da Almustasfa a kan usulu wanda ya kammala a 503 (1109).

Bayan gyaran niyya, abubuwa uku sun taimake shi. Na farko shi ne tsara lokaci. Littafi na goma na Ihya a kan jera wuridai ne a sa'o'in dare da rana, Bidayatul Hidaya kuma yana bin yinin ɗalibi tun daga farkawa har kwanciya. Abin da ya koyar shi ya aikata, ya mai da aikin ilimi kamar wuridi, wanda ba a jira sai an ji nishaɗi kafin a yi shi. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu shi ne bai raina maimaita ilimi ɗaya ga masu karatu daban-daban ba. A fiƙihu ya rubuta Albasiɗ mai faɗi, da Alwasiɗ matsakaici, da Alwajiz taƙaitacce. Imamu Rafi'i ya yi wa Alwajiz sharhi, Imamu Nawawi kuma ya taƙaita sharhin a Raudatuɗ Ɗalibin. Haka ya yi da Ihya: ya tace ma'anoninsa a Kitabul Arba'in, ya kuma rubuta Kimiya'us Sa'ada da Farisanci, harshen mutanen garinsu, domin waɗanda ba su jin Larabci.

Na uku shi ne yana rubutu ne domin buƙatar mutane. Ayyuhal Walad amsa ce ga wani ɗalibi da ya nemi a nuna masa ilimin da zai amfane shi a kabari. Almunƙiz ma amsa ce ga wani ɗan'uwa da ya tambaye shi yadda ya gano gaskiya a tsakanin ƙungiyoyi. Wanda ya ajiye mabuƙaci ɗaya a gabansa yana yi masa bayani, magana takan zo masa da sauƙi fiye da wanda yake hangen abin da duniya za ta ce.

Suka da karɓuwa

Bai tsira daga masu suka ba. A Naisabur wasu sun kai ƙararsa wurin Sarki Sanjar. A Ƙurɗuba an ƙone Ihya a 503 (1109), zamanin Ali ɗan Yusuf ɗan Tashfin. Wasu malamai sun yi magana a kan raunin wasu hadisan littafin, har Hafiz Iraƙi, wanda ya rasu a 806 (1404), ya bi su ya bayyana matsayin kowanne. Duk wannan bai tsayar da alƙalaminsa ba yana raye, bai kuma hana littafin yaɗuwa ba bayan rasuwarsa. Wanda ya riga ya saki yabon mutane, zarginsu ba ya ɗaure shi.

Shehu Murtada Zabidi, wanda ya rasu a Misra a 1205 (1791), ya yi wa Ihya babban sharhi mai suna Ithafus Sadatil Muttaƙin, wanda aka buga a mujalladi 10. Shi wannan Zabidi ya ba Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ijaza a lokacin da suka haɗu a Alƙahira. Har yau kuma littattafan Gazali suna cikin abin da ake karantawa a zaurukan ilimi da zawiyoyi na ƙasar Hausa.

Rasuwarsa

Bai ajiye alƙalami ba sai da ajali ya zo. Littafinsa na ƙarshe, Iljamul Awam, ya kammala shi kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa. Ƙanensa Shehu Ahmad ya ba da labari cewa ranar Litinin da asuba ya yi alwala ya yi salla, ya ce a kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi ya ɗora a idanunsa, ya nuna biyayyarsa ga kiran Ubangijinsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla, kafin gari ya waye sarai ya cika. Wannan ya faru ne ranar 14 ga Jimada Sani, 505, a watan Disamba na 1111, yana da shekara 55. An binne shi a Ɗabaran, cikin Ɗus. Bai bar ɗa namiji ba sai 'ya'ya mata.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, duk wanda alƙalaminsa ya tsaya ko harshensa ya yi nauyi, kada ya yanke ƙauna, kada kuma ya ɗauka baiwar ce ta ƙare. Ya fara da tambayar zuciyarsa domin wa yake wannan aiki. Idan ya tarar da son a sani ko tsoron a kushe, to ya gano ciwon, sai ya tuba ya sabunta niyya, ya kai kukansa ga Allah, ya nemi shawarar shehinsa. Ba kowa aka ɗora wa barin gari da iyali ba, amma kowa yana iya samun tasa hasumiyar, ko da sa'a guda ce bayan sallar asuba da wuridi, wadda zai rufe ƙofa ya ajiye waya ya fuskanci takarda. Ya tsara aikinsa babi-babi, ya rubuta kaɗan kullum, ya tuna da ɗalibi ko maƙwabcin da yake buƙatar abin da Allah Ya sanar da shi. Shekara 17 kawai Imamu Gazali ya yi a duniya bayan fitarsa daga Bagadaza, amma abin da ya rubuta a cikinsu ya shafe shekaru fiye da 900 yana shiryar da bayin Allah.

Allah Ya jiƙan Hujjatul Islam, Ya ƙara masa yarda da kusanci, Ya amfanar da al'umma da iliminsa. Allah Ya tsarkake niyyoyi, Ya kwance harsuna da alƙaluma a kan gaskiya, Ya saka wa shehunai da malamai da mafificin alheri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.